Daga gidan fatoma zuwa ɗakin otel: ina amanar baƙo ta shiga?

 Masu iya magana suna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiyarsu ne. To amma yau ina so mu tattauna a kan wuraren da matafiyi yake biyan kuɗinsa lakadan, sannan ya rasa fuskar, ya kuma rasa tabarmar. Ina nufin ƙananan otel-otel da gidajen saukar baƙi da suka yawaita a garuruwanmu na bakin iyaka, tun daga Gaya, Birnin Konni, Maraɗi, Matamai har zuwa Magarya, da kuma takwarorinsu na ɗaya gefen kamar Kamba, Illela, Jibiya, Mai'aduwa da Maigatari. Kusan duk mai karanta wannan shafi ya taɓa kwana a irin waɗannan wurare, kuma kusan kowa yana da labarin da zai bayar. Abin mamaki, da gari ya waye sai mu karkaɗe riga mu nufi kasuwa, muna cewa ai kwana ɗaya ne, ya riga ya wuce. A nawa ra'ayi, wannan shiru da muke yi shi ne babban abin da ya lalata harkar.

Bari in fara da abin da ya same ni da kaina, tunda gani ya kori ji. Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake kan ganiyarsa, muka makara a wajen duwan saboda takardun kaya, ba mu shiga gari ba sai bayan sallar isha'i, ga shi kuma gobe kasuwa take ci. Ba zan faɗi sunan garin ba balle na otel ɗin, domin ba tonon silili ne ya kawo ni ba. Yaron da ke teburin karɓar baƙi ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba lokacin da na yi sallama. Ya ce ɗaki mai fanka jika 8, mai na'urar sanyi jika 15. Na dubi gajiyar da ke jikina, na biya jika 15. Na nemi rasit, ya ce littafin yana hannun mai otel, sai da safe. Da na shiga ɗaki na tarar da zanen gadon da ko makaho ya shafa ya san wani ya kwana a kansa. Famfo babu ko ɗigo, sai wani bokiti da ruwa bai kai rabinsa ba, sakatar ƙofa kuwa ƙusa ce aka lanƙwasa. Wajen ƙarfe 12 na dare wuta ta ɗauke. Na fita na tambayi mai gadi ko za a tada inji, ya ce baƙin yau ba su da yawa, an hana a ƙona mai. Amma kiɗan da ke tashi daga wurin shaƙatawar da ke harabar, shi an sama masa ƙaramin inji nasa, bai tsaya ba sai wajen ƙarfe 3. Haka na kwana a zaune, jakar kuɗi a ƙarƙashin cinya, ina fifita da murfin kwali.

Da safe na sake neman rasit, aka ce mai otel bai fito ba tukuna, sannan aka ƙara mini da cewa akwai jika 1 ta kwanan mota a haraba, abin da ba wanda ya ambata da daren. Na biya don kada farkon kasuwa ya wuce ni. Amma asarar gaske a kasuwa na tafka ta. Da jajayen idanu da kai mai nauyi na zauna gaban mai canji, na yi kuskuren lissafi tsakanin naira da sefa, ban kuma farga ba sai da na koma gida na buɗe littafi. Abin da ya salwanta ya ninka kuɗin ɗakin sau da yawa. Ban ga laifin mai canji ba, lissafina ne ya karkace. Tun daga ranar na gane cewa a wurin ɗan kasuwa, barcin daren kasuwa yana cikin jari.

Wannan shi ne abin da masu otel da yawa suka kasa fahimta. Ɗan kasuwa ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, ba kuma ma'aikacin ƙungiyar agaji ba ne da ofis zai biya masa kuɗin kwana bakwai. Ranakun kasuwanni ne suke juya shi. Laraba yana Konni, Alhamis yana Maigatari wajen dabbobi, Juma'a ko Litinin yana Maraɗi, Lahadi yana Illela ko Mai'aduwa, in kuma sari ya kira shi sai ga shi a Dawanau ko Kantin Kwari a Kano. Da dare yake isa, da asuba yake fita. Sa'o'in da yake yi a ɗaki ba su wuce 7 ko 8 ba, kuma a cikin waɗannan sa'o'i yana ɗauke da abin da ya tara shekara da shekaru, wani lokaci ma har da kuɗin mutane da aka ba shi sautu. Mai albasar Galmi, mai wake, mai shanu, mai atamfa, duk buƙatarsu ɗaya ce, wato su kwanta hankali a kwance su tashi da ƙarfin ciniki. Kuma kasuwa mako-mako take ci, sau 52 a shekara. Baƙon da in ya ji daɗin wuri zai riƙa dawowa kusan kowane mako, wane baƙo ne ya fi shi daraja a wurin mai otel mai hangen nesa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, saukar fatake ba baƙuwar sana'a ba ce a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun ƙware a kanta tun kafin a san kalmar otel a ƙasar nan. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, lokacin da ayarin jakuna yake tashi daga Kano ko Katsina a ƙarƙashin madugu, ya yi watanni a hanya kafin ya kai Salaga, duk babban garin ciniki da fatake suka sauka akwai mai masauki, wanda a wasu wurare ake kira fatoma, a wasu kuma maigida. Aikinsa ya wuce ba da ɗaki. Shi ke ciyar da baƙo, shi ke ajiye masa kaya da kuɗi, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke yi masa tafinta in harshe ya bambanta, in kuma aka sayar da kaya bashi, shi ne yake tsayawa lamuni. Idan mai saye ya tsere, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watse, amma sun tafi da wannan tsari zuwa zangunan Kumasi da Akra da sauran garuruwa. Har ma wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda masu masaukin Hausawa suke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu, ana ba da bashi mai yawa a kan amana da sanayya.

To, mene ne sirrin? Ba wai mutanen da mala'iku ba ne. Sirrin yana cikin hanyar da riba take shigowa. Galibi fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki, abincinsa yana cikin la'adar cinikin da baƙonsa ya yi. Ke nan in baƙo ya yi barci lafiya, kayansa suka kwana lafiya, ya sayar da daraja, maigida ya samu. In kuwa aka cuci baƙo, labari zai bi ayari zango-zango, baɗi war haka ba wanda zai sauke kaya a ƙofarsa. Sunansa shi ne jarinsa. A otel ɗin yau an juya lissafin. Ana karɓar kuɗi a bakin ƙofa tun kafin ka ga ɗaki, daga nan duk ruwan da ka zuba a jiki, duk man da aka ƙona dominka, a idon mai otel ragi ne daga ribarsa. Mu kuma da muka kama bakinmu, mun cire masa tsoron da ya sa fatoma yake kiyaye sunansa.

Ba ina cewa mu koma zamanin jakuna ba ne. Har gobe akwai masu sauka gidan maigida, musamman a harkar dabbobi, wasu kuma suna kwana a tasha ko a kan kayansu. Amma zamani ya canja. Garuruwa sun cika, gidaje sun matse, rashin tsaro ya sa mutane suna ɗari-ɗari da baƙon da ba su sani ba, sannan tafiyar da a da take cin wata guda yanzu ta koma ta yini ɗaya. Otel ya zama tilas ga da yawa daga cikinmu. Saboda haka tambayar ita ce, me ya kamata mu samu a bakin kuɗinmu?

Ba taurari muke nema ba. Mai son otel mai tauraro 4 ko 5 ya san hanyar Yamai, inda aka buɗe irin su Radisson Blu da Noom da Bravia saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019. Abin da ɗan kasuwar bakin iyaka yake nema bai fi ƙarfin mai ɗakuna 10 ba, in dai yana da niyya.

Na farko, farashi ɗaya bayyananne. A rubuta shi a allo inda kowa zai gani, a faɗi abin da ya ƙunsa, ko da wurin ajiye mota ko babu, da kuma lokacin da kwana yake ƙarewa. Tunda a garuruwan nan sefa da naira duk suna gudana, a rubuta da kuɗin biyu, kada a jira sai baƙo ya fito da naira a ƙirƙiro masa canjin da babu shi a kasuwa. A ba da rasit nan take. In mutum ya biya kuɗin ɗaki mai sanyi kuma sanyin bai samu ba, a mayar masa da bambancin ba tare da ya ɗaga murya ba. Wanda ya karɓi kuɗin buhun gero ya auna maka rabi, kowa ya san sunansa a kasuwa. Wanda ya karɓi kuɗin ɗaki mai sanyi ya kwantar da kai a tanderu, sunansu ɗaya, tauye mudu ne.

Na biyu, ruwa. Yawancin baƙin nan Musulmi ne da za su yi alwala da wanka tun kafin ketowar alfijir. Kowa ya san famfo yana ɗaukewa, ba mai otel ne ya halicci wannan matsala ba. Amma tankin ruwa a sama, ko duro cike a bayan kowane jerin ɗakuna, ba abin da ya gagari mai karɓar dubban sefa kowane dare ba ne. Iyayenmu mata a ƙauye ba sa bari baƙo ya kwana randa babu ruwa, alhali daga rijiya suke jawo shi.

Na uku, wuta da iska. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce maki 40 a yankinmu, ɗaki mai rufin kwano kuwa yakan riƙe zafin yini har tsakar dare. In mai otel ba zai iya tada inji dukan dare ba, ya faɗa wa baƙo tun a bakin ƙofa cewa daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza ake kunnawa, mutum ya zaɓa da saninsa. Yanzu kuma ga faifan hasken rana da batir da fanka mai caji sun cika kasuwanninmu, mu ne ma muke sayar da su. Sai dai a nan akwai gargaɗin da ya shafi rai. Hayaƙin injin wuta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana cikin barci. Ajiye inji a lungu ko a gindin tagar ɗakin baƙi don gudun ɓarawo, wasa ne da rayukan mutane. Haka nan wayar wuta tsirara a cikin bayan gida, inda mutum yake tsaye da jiƙaƙƙun ƙafafu.

Na huɗu, tsafta. A canja zanen gado da rigar matashi bayan kowane baƙo, ko da sa'a uku ya yi. A riƙa fitar da katifa rana, domin abin kunya ne mutum ya biya kuɗi ya kwana da kuɗin cizo. Da damina kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da mutane, gidan sauro a kan kowane gado ya zama wajibi. Ɗan kasuwar da ya ɗauko zazzaɓi a kwana ɗaya zai iya rasa kasuwa biyu yana jinya.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, amana. Ƙofa mai kulle na gaske da sakata ta ciki. Mai gadin da idonsa biyu. Haraba mai katanga inda mota da kaya za su kwana. Akwatin ƙarfe a ofis ga wanda yake son ajiye kuɗi, a ƙirga a gabansa, a rubuta, kowa ya sa hannu. Sau da yawa za ka ga an liƙa takarda a bango cewa otel ba shi da alhakin duk abin da ya ɓace. Wannan takarda tana ba ni dariya tana kuma ba ni haushi. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani a babin ajiya cewa wanda aka ba amana ya yi sakaci, to ramuwa tana kansa. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda ƙasashen da suka yi zaman mulkinta suka gaji abubuwa da yawa daga cikinta, ta ɗauki mai masauki a matsayin wanda aka ba ajiyar kayan matafiyin da ya sauka wurinsa. Dokar Ingila ma tun da daɗewa ta ɗora wa mai masauki irin wannan nauyi. Ke nan da addini da al'ada da dokar Nasara duk sun haɗu a wuri ɗaya, takardar bango ita kaɗai ce ta fita daban.

Amana kuma ta haɗa da kama baki. A wannan zamani da wasu hanyoyinmu na kan iyaka suke fama da ƴan fashi da masu garkuwa da mutane, sanin wane ne ya sauka, da me ya zo, ƙarfe nawa zai tashi, sirri ne mai tsada. Ɓarawo ba duba yake yi ba, gaya masa ake yi. Cika takardar da hukuma ta wajabta wa kowane baƙo daidai ne, kuma tsaronmu ne gaba ɗaya, kada wani ɗan kasuwa ya ƙi nuna katin shaidarsa. Amma littafin baƙi bai kamata ya kwana a buɗe a kan tebur ba, inda duk mai wucewa zai leƙa, kuma ma'aikaci ba shi da hurumin zama a teburin mai shayi yana ba da labarin jakar Alhaji.

Na shida, ita fuskar da na fara da ita. Amsa sallama, cewa sannu da hanya, miƙa ruwan sha, nuna alƙibla, ajiye buta da tabarmar salla, kashe kiɗa in dare ya yi, ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa da asuba in ya nemi haka. Cikin waɗannan wanne ne yake cin ko dala ɗaya? A nan dole in yi magana a kan iyayenmu da ƴan'uwanmu mata ƴan kasuwa, masu zuwa sarin atamfa da kayan ɗaki a Kano ko Kwatano ko Lome. Da yawansu sun gwammace su kwana a benci a tasha da su shiga otel, saboda irin kallon da ake yi wa mace in ta zo ita kaɗai, da kuma yadda wasu gidajen suka haɗa saukar baƙi da wata sana'ar da ba sai na ambata ba. Mai otel ɗin da zai ware sashe na mata, mai ƙofa daban da ma'aikaciya mace, wallahi ba zai rasa baƙi ba.

Adalci ne kuma mu saurari masu otel, domin su ma suna da nasu kukan. Sun sha wuya a ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, ga kuma annobar korona a tsakani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a sassauta ba sai a farkon 2024. Rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023 ya tsayar da zirga-zirgar hanyar Kwatano. Cire tallafin man fetur a Najeriya cikin watan Mayun 2023 ya tsadar da man da ake zuba wa inji a duk garuruwan bakin iyaka. Wanda ɗakunansa suka yi watanni babu kowa, ga albashi ga haraji, ba za a ce ba shi da uzuri ba. Na yarda da wannan. Amma mu ma waɗannan bala'o'i a kanmu suka sauka, wasunmu jarinsu ya karye gaba ɗaya, kuma ba mu mayar da su hujjar cakuɗa tsakuwa a cikin wake ba. Uzuri zai iya hana ka sayen sabon inji. Ba zai hana ka wanke zanen gado ko faɗa wa baƙo gaskiya ba. Sannan ina tunatar da masu otel cewa yaron da ake biya ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ake kuma riƙe masa albashi wata da watanni, ba zai yi wa baƙo murmushi ba, kuma shi ne mai sauƙin faɗawa tarkon miyagu.

Don kada a ce na yi musu kuɗin goro, akwai na kirki. Na san wani ƙaramin gida mai ɗakuna 9 a wani garin, ba shi da na'urar sanyi ko ɗaya, allonsa ma ya koɗe. Amma dattijon da ke riƙe da shi zai nuna maka ɗaki kafin ka biya. Zai gaya maka cewa fanka a kan batir take, takan kai asuba in an yi rana sosai. Bokiti biyu cike, zane mai ƙamshin sabulu, gidan sauro a ɗaure. Wata rana wani abokin tafiyata ya mance ƙunshin takardun kayansa a ƙarƙashin matashi, kafin mu kai tasha sai ga yaron gidan a kan babur ya biyo mu da su. Wannan gida daren kasuwa ba ka samun wuri sai ka bugo waya tun da rana. Bai taɓa yin talla a rediyo ba, bakin ƴan kasuwa ne tallarsa. Fatoma ke nan a cikin rigar zamani.

Mu ma ƴan kasuwa sai mun gyara namu halin. Akwai mai kama ɗakin mutum ɗaya ya shigo da yara biyar ta bayan gida. Akwai mai goge takalmi da tawul, mai tofa tukar goro a bango, mai barin famfo a buɗe, mai ɗaga murya a waya ƙarfe 2 na dare kamar yana tsakiyar kara. Akwai mai yi wa ma'aikaci tsawa kamar bawansa. Akwai kuma mai neman ɗakin jika 3 yana son hidimar jika 20, alhali kowa ya san araha ba ta ado. Baƙonka annabinka, haka ne, amma shi ma baƙo an san shi da kunya. In muna son a riƙe mana amana, sai mu bar ɗaki yadda za mu so mu same shi.

To, ina mafita? Shawarata ta farko ga kowane ɗan kasuwa ita ce, kada ka biya sai ka ga ɗaki. Murɗa famfo, kunna fanka, ɗaga zanen gado, gwada sakata, tambayi lokacin inji da kuɗin kwanan mota, sannan ka karɓi rasit. Minti biyar ne, kuma rigakafi ya fi magani. In an saɓa alkawari, faɗa wa mai wurin da safe cikin mutunci, kada ka tafi da shi a ciki.

Ta biyu, ga shugabannin ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa da na direbobi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙungiya ta zaɓi dattawa biyu ko uku su zagaya gidajen saukar baƙi na garinsu, su zauna da masu su, a yi yarjejeniya a kan waɗannan abubuwa shida. Gidan da ya cika, a sa sunansa a allon ofishin ƙungiya da na tasha, a kuma nema wa mambobi ragi tunda za a kawo masa baƙi kowane mako. Gidan da aka kawo ƙararsa, a bincika, a ji ta bakinsa, a yi masa nasiha, in ya ƙi gyarawa a cire shi. Ba a buƙatar zagi ko ƙage. A da labari yana bin ayari wata da watanni kafin ya kai Gwanja, yau wayar da ke aljihunka za ta kai shi daga Konni zuwa Damagaram kafin shayinka ya huce. Ƙungiyoyin gefe biyu na iyaka su riƙa musayar waɗannan sunaye, domin baƙon Jibiya yau shi ne mai masaukin Maraɗi gobe.

Ta uku, ga hukumomi, musamman ma'aikatun magajin gari da jami'an tsafta da ma'aikatar da ke kula da otel-otel. Kada ziyararku ta tsaya a ranar karɓar haraji. A duba ruwa, a duba wayoyin wuta, a duba inda aka ajiye inji, a tabbatar da allon farashi. A kuma taimaka wa matasan da ke aiki a waɗannan gidaje da ɗan horo, ko na mako guda ne, a kan karɓar baƙo da tsafta da riƙon sirri.

Daga ƙarshe ina jan hankalin masu otel su dubi gaba. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Irin wannan hanya takobi ce mai kaifi biyu a gare ku. Za ta iya ƙaro muku baƙi, za ta kuma iya ba ɗan kasuwa damar zuwa ya dawo a yini ɗaya. Wanda kuka wulaƙanta lokacin da ba shi da zaɓi, ba zai tuna da ku ba ranar da ya samu zaɓi. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi, amma bakinsa yana nan yana yawo a kasuwanni.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a cinikinmu, ya haɗa mu da masu masauki na gari, ya kuma sa mu zama baƙi na gari. Amin.